Sule Ɗaya a Kan Kowane Buhu

Shekarar da mahaifina ya faɗo daga kan keke ya karye a cinya, ita ce shekarar da aka damƙa mini jarin gyaɗarsa, kuma ita ce shekarar da na shiga tsakanin wani bawan Allah da abincinsa. Yanzu na tsufa, rabin haƙorana sun yi gaba, na isa in faɗi maganar nan yadda take ba tare da na shafa mata mai ba.

Lokacin da fam da sule ake ciniki, naira ba ta zo ba tukuna. Gidanmu a Gaya yake, amma rumfar mahaifina tana Ajingi, a gefen kasuwa. Da kaka ta yi, sai manoma su riƙa kawo ɓararriyar gyaɗa a kwando da ƙwarya, ya auna da tiya, ya biya su nan take, ya zuba a buhu ya ɗinke da basilla. Shi ƙaramin mai saye ne. Babban yana Gaya, wani alhaji mai sikeli da sito, wanda ke tara gyaɗar har motocin Kano su zo su kwashe. Jarin mahaifina duka-duka buhu takwas yake saya. Sai an kai takwas ɗin nan Gaya, an ɗora a sikeli, alhaji ya biya, kuɗin ya koma Ajingi, sannan a sayi wasu takwas.

Mai yin wannan kai-da-kawowa wani mutumin Balan ne, abokin mahaifina tun suna samari. Baffa nake ce masa. Dogo ne siriri, kullum da goro a kumatu, kuma magana tana yi masa wuya, in ka gaishe shi sai ya gama tauna sannan ya amsa. Jakunansa takwas, kowanne da buhunsa. Yakan tashi daga Ajingi bayan sallar asuba, ya shigo Gaya da la'asar, a auna kaya a biya, ya kwana a zaurenmu. Gari na wayewa ya hau jaki ɗaya ya koro sauran, kuɗin yana cikin jakar fata a ƙarƙashin rigarsa, kafin azahar ya iso rumfa. Sau uku a mako yake yin haka, ran Juma'a shi da jakunan su huta. Shekara ashirin suna tare da mahaifina, ko kwabo bai taɓa yin ƙafa ba.

Gonar Baffa 'yar ƙarama ce, ba ta riƙe gidansa. Abin da ya samu a watannin kaka shi ne ke ciyar da iyalinsa, shi ne kuma ke sayen harawa da dusar da jakunan za su ci har ruwa ya sauka. A zamanin nan akwai wata al'ada tsakanin masu saye da masu jakuna. Tun gyaɗa tana ƙasa ake ƙulla magana, mai saye ya aika da goro, mai jakuna ya karɓa, shi ke nan an ɗaure har ƙarshen kaka. Babu mai jakunan da zai ɗauki kayan wani a tsakiyar kaka, babu kuma mai sayen da zai ba shi, don ya riga ya yi da nasa. Duk wannan na sani sarai, ba zan ce ban sani ba.

Ni kuwa a lokacin na gama firamare, na yi shekara biyu a Kano ina rubuta rasit a kantin wani mutum. Na dawo gida da biro a aljihun gaba da agogo a hannu, ina tafiya ina duba shi ko ba wanda ya tambaye ni lokaci. Mutanen unguwa suka sa mini Akawu, rabi girmamawa rabi tsokana, ni kuma girmamawar kaɗai nake ji. Da aka ɗauki mahaifina aka kai shi Kademi wurin mai ɗori, aka ce sai ya yi kwana arba'in a can, sai na tattara na tafi Ajingi da sabon littafi mai layi-layi, da niyyar in nuna wa tsofaffi yadda ake kasuwanci.

Ban bar komai ba sai da na rubuta. Kuɗin gyaɗa, kuɗin buhu, zare, ladan mai shara, har goron da nake ba manoma. Na ja layi da rula, na raba shafi gida-gida, ina kallonsa ina jin daɗi. Bayan 'yan kwanaki lissafi ya nuna mini cewa a kan kowane buhu muna cin ribar sule huɗu, kuma abin da ya fi cin kuɗi a hanya shi ne Baffa, don sule biyu yake karɓa a kan buhu. Ana haka sai ga wani direba mai mota bodin katako, wanda ke shigowa Ajingi ɗaukar hatsi. Na tare shi a bakin kasuwa. Ya ce sule ɗaya zai kai mini buhu har ƙofar siton alhaji, ya kuma dafa ƙirji ya ce duk ranar da na tara kaya zai zo. Kai, ranar nan ji na yi kamar na tsinci dami a kala. Sule ɗaya a kan kowane buhu, shekara ashirin ana zubar da shi a hanya, babu wanda ya gani sai ni.

Na hau keke na tafi Kademi da littafina. Na tarar da mahaifina a kwance a kan tabarma, cinyar a ɗaure da karare, ya rame, idonsa ya faɗa. Na durƙusa na gaishe shi, ban ma bari ya gama tambayar mutanen gida ba na buɗe shafi na fara zuba. Bai iya boko ba, don haka bai dubi littafin ba, fuskata ya duba. Da na gama sai ya ce, "Kuɗin kwana nawa zai riƙa yi a waje?"

Ban gane inda tambayar ta dosa ba. Na ce masa ai mota ta fi jaki sauri, abin da jaki ke wuni yana yi ita kafin hantsi ta gama. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ga mai ɗori ya shigo duba ƙafa, ya fara matsa ta, mahaifina ya runtse ido yana salati. Na jira kaɗan, na ga maganar ba za ta ci gaba ba, na yi sallama na fito. A hanya na gaya wa kaina cewa tun da bai hana ba, to ya yarda. Wallahi ko a lokacin na san ƙarya nake yi wa kaina.

Washegari da Baffa ya iso rumfa ya miƙo jakar kuɗi, na ƙirga, na ce masa ya zauna akwai magana. Na yi ta kewaye-kewaye, zamani ya canja, mota ta zo, kasuwa sai da lissafi. Yana tsugune yana tauna goronsa, bai katse ni ba. Da na kai ƙarshe, tambaya ɗaya ya yi.

"Babanka ya sani?"

"Ya sani, Baffa. Jiya ma daga wurinsa nake."

Baffa ya ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri, ya tashi ya kwance jakunansa ya kora su. Na bi bayansa da kallo har ya sha kwana, raina ya ɗan sosu, amma da na koma kan littafi na ga layin kuɗin ɗauka ya sauko daga biyu zuwa ɗaya sai na ji sanyi.

Makon farko direba ya zo sau biyu. Daga nan sai ya fara nuna halinsa. Ban ga laifinsa sosai ba yanzu, don wa zai tuƙo mota cikin rairayin hanyar nan saboda buhu takwas? Ya koma sai ranar kasuwa kaɗai, in ya cika da hatsin mutane ya ɗora nawa a sama. Ni kuma in bi motar zuwa Gaya, in karɓi kuɗi, in dawo a keke, in sayi buhu takwas cikin wuni ɗaya, sannan in zauna. Kwana shida ina zaune a rumfa ina gadin buhuna ina korar awaki. Kuɗina duka yana cikin buhunan algarara a ɗinke, ba na iya sayen ko tiya ɗaya.

Sai a lokacin na lura da wani abu da ban taɓa lura da shi ba. Ashe mutanen ƙauyukan da ke kan hanya wucewar Baffa suke jira. In sun hango shi yana komawa Ajingi da jakuna ba kaya, sun san kuɗi ya iso rumfarmu, sai su ɗauki gyaɗarsu su biyo sawunsa. Da ya daina wucewa, sai suka riƙa zuwa a kan sa'a. Mutum ya sha tafiya da kwando a ka, ya sauke a gabana, in ce masa sai ran kasuwa. Wani tsoho da ya daɗe yana sayar wa mahaifina ya ce da ni, cikin raha, yaronsa ne ba lafiya, ciwon kuma bai san ran kasuwa ba. Ya ɗauki kayansa ya tsallaka zuwa rumfar da ke kallon tamu. Mai rumfar har ɗago mini hannu yake yi kullum da safe yana tambayar Akawu ya lissafi.

Ga gyaɗar kuma tana zaune tana shan iska. Kowane kwana sai ta ƙara bushewa, in an ɗora a sikelin alhaji a ga ta ɗan yi sauƙi, ɓera kuma yana cin rabonsa. Amma littafina bai fasa yi mini daɗin baki ba. Duk buhun da ya isa Gaya, in rubuta riba sule biyar maimakon huɗu, in ja layi biyu a ƙarƙashi. Abin da bai faru ba, wato buhunan da ban saya ba, ba shi da gida a shafin, don haka ban gan shi ba. Ko in ce na gan shi da idona kullum yana tsallaka hanya, na ƙi yarda, tun da ba a rubuce yake ba.

Mahaifiyata ce ta fara yi mini magana. Ta ce zaure ya yi shiru, tuwon Baffa da take ajiyewa ba mai ci, me ya faru? Na ce mata harkar kasuwa ce, ta bar mini. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in kuma na isa in je in maimaita wannan amsar a gaban ubana. Na yi fushi na fita ban ci abinci ba. Fushin nan na tuna shi da kyau, irin na wanda aka taɓa masa inda ke ciwo ne.

Mako biyar aka yi a haka, sannan aka dawo da mahaifina gida yana dogara sanda. Bayan masu sannu da zuwa sun watse, da hantsi, ya sa aka kira ni zaure. Na zo da littafi a hammata. Ya ce in ajiye shi, in kawo masa gyaɗa cikin tafin hannu. Ya share ƙasa a gabansa ya tambaye ni sau nawa kuɗin ya je Gaya ya dawo tun da na sallami jakuna. Ashe labari ya riga ya kai masa a hanya. Na ƙirga na ce sau shida. Ya jera ƙwayar gyaɗa shida a gefe ɗaya. Ya ce da Baffa ne, sau uku a mako, mako biyar, nawa ke nan? Na ce goma sha biyar. Ya jera goma sha biyar a ɗaya gefen. Sannan ya ce tun da ni ne akawu, in buga masa sule biyar sau shida, in kuma buga sule huɗu sau goma sha biyar.

Talatin da sittin. Ban ma buƙaci biro ba. A kan kowane gurbin buhu na ci talatin inda shi zai ci sittin, ban da abin da bushewa da ɓera suka ɗiba. Na ceto sule ɗaya na zubar da rabin ribar kaka.

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce kuɗin ɗan kasuwa ƙafa gare shi, in ya kwanta ya zama kaya, kaya kuwa ci yake yi ba ya haihuwa. Ya ce shi bai taɓa tambayar nawa ya ci a buhu ba sai ya fara tambayar sau nawa jarin ya juya. Ya tattara gyaɗar ya watsa wa kaji, ya ce asarar kuɗi ba komai ba ce, Allah na nan, in tashi in je Balan in ba Baffana haƙuri ya dawo bakin aikinsa. Har na miƙe sai ya ce abu ɗaya ne ya ɗaure masa kai. Kwana arba'in yana kwance a Kademi, kowa ya je duba shi, ban da Baffa. Me na gaya masa ranar da na sallame shi?

Na so in yi shiru, na kasa. Na ce ya tambaye ni ko Baba ya sani, na ce masa ya sani.

Tun da nake ban taɓa ganin fuskar mahaifina ta yi haka ba. Ya ce, a hankali, "Wato yana can yana ganin bayan shekara ashirin na kore shi ta bakin yaro, ko sallama ban yi masa ba." Ya juya fuskarsa bango. Na fita na ɗauki keke.

Na isa Balan bayan azahar. Na tarar da Baffa a ƙofar gidansa yana gyaran akumarin jaki. Kafin in sauka daga keke idona ya kai kan turaku. Guda takwas ne a jere a gindin katanga, jakuna biyu ne a ɗaure. Na tsaya ina ta dube-dube ko sauran sun tafi kiwo, alhali zuciyata ta riga ta gaya mini.

Ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo ruwa da fura, ya tambayi hanya. Ni na kasa sha. Na faɗa masa komai, tun daga littafi har ƙaryar da na yi, na ce mahaifina bai taɓa cewa a sallame shi ba. Ya saurara har na gama. Sannan ya ba ni nasa labarin, ba tare da ya ɗaga murya ba. Ya ce mako uku ya jira ko za a aiko. Ya zaga wurin masu saye biyu-uku, kowa ya ce ya riga ya ba nasa goro, shi ma kuma ya san haka, kunya ce kawai ta rashin abin yi ta kai shi. Harawar da ya tanada ta fara ƙarewa, hatsin gida ya yi ƙasa. Ya ga in ya bari jakunan suka rame ko rabin kuɗinsu ba zai samu ba, sai ya kora shida kasuwa. Kuɗin kuma ya riga ya zama gero a rumbu.

Na ce Baffa ka yafe mini. Ya ce ya yafe, yaro ai ba ya rasa irin wannan. Sai na ga ya goge ido da bakin rawaninsa. Ya ce, "Ƙafar ta ɗoru kuwa? Kullum sai na yi niyyar zuwa Kademi, in ce kada ya ga kamar roƙo na zo yi."

Ranar nan tare muka taho Gaya, yana kan jaki ina tura keke a gefensa. Abin da suka ce wa juna shi da mahaifina ban ji ba, don ban iya shiga zauren ba.

Mahaifina ya so ya maida masa jakunansa, amma da me? Ribar da za a yi hakan da ita ni na zubar. Kakar da ta biyo baya ya saya masa ɗaya, Baffa ya haɗa wani da kansa, suka zama huɗu. Daga nan shekarun fari suka shigo, gyaɗar kanta ta lalace a ƙasarmu, rumfunan Ajingi suka watse ɗaya bayan ɗaya. Har Baffa ya koma ga Allah bai sake ɗaure jakuna takwas ba. Ni kuwa na koma aikin sito a birni, na yi shekaru ina lissafin kayan mutane, har ana yaba mini wai na san kwanan kuɗi. In matashi ya kawo mini takarda yana murna ya rage kuɗin ɗauka, nakan tambaye shi sau nawa kayan za su juya, da kuma wanda ke ɗaukar su a yanzu. Yawancinsu tambayar farko kaɗai suke amsawa.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne safiyar da Baffa ya dawo aiki. Na sayi buhu takwas kamar kullum, suna jingine a rumfa. Ya iso da jakunansa biyu bayan asuba, ya gaishe ni da Akawu kamar ba abin da ya faru. Na ce masa daga yau sule uku zan riƙa biyan sa a buhu. Ya ce a'a, in rubuta biyu, yadda suka yi da babana. Ya sauke jakarsa ya zazzage igiyoyin ɗaurin kaya a ƙasa, ashe da ya tashi daga gida hannunsa ya kwaso su duka yadda ya saba. Ya tsaya yana kallonsu. Ya zari biyu, ya naɗe shidan a hankali ya miƙo mini.

"Ajiye su a rumfa, ɗana. Igiyoyi ne masu kyau, ko mai motar zai buƙata."

Ba da gatse ya faɗa ba, na san muryarsa. Na karɓa, na kama masa muka ɗora buhu biyu, ya kora jakunansa ya kama hanyar Gaya, ni kuma na koma na zauna kusa da buhu shidan da suka rage.